Maganin Ƙarin Jini Da Abin Da Waya Ke Faɗa

 Jawabinmu na yau a kan wata gardama ne wadda ta yi yawa a bakin ɗakunan magani, tun daga Rurum Sabon Gari har Rano da Kibiya. In ka zauna bisa benci kana jiran a kira ka, da wuya ka tashi ba ka ji ta ba. Wani ya kan zaro waya daga aljihu, ya nuna wa na kusa da shi wani mutum mai farar riga yana yabon wata kwalba, wai tana ƙara jini, tana ƙara ƙarfi, tana wanke ƙoda, tana kuma sa ƙiba. Sai na kusan ya ce duk abin da ke cikin waya ƙarya ne. Mai wayar kuma ya ce a'a, waɗannan manyan likitocin birni ne, sun fi malamin asibitin ƙauye sani nesa ba kusa ba.

To, dukansu biyu ba su kama gaskiya ba. Waya kamar kasuwa take, akwai mai kayan kirki, akwai mai algus. Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya su ma suna sa saƙonninsu a Facebook da WhatsApp. Amma akwai abu guda wanda waya ba ta iyawa, ko da mai maganar likita ne na gaske. Ba ta iya buɗe fatar idonka ta duba, ba ta iya awon jininka, ba ta kuwa san ko matarka tana da ciki ba. Mai magana a waya da dubban mutane yake yi, bai san kai wane ne ba.

Mu ɗauki ƙarancin jini, tun da yake shi ne aka fi saye dominsa. Kana jin kasala, numfashinka yana sama sama in ka yi ɗan noma, tafin hannunka ya yi fari. Waya ta ce ka sayi kwalbar ƙarin jini. Malamin asibiti kuwa abin da zai fara tambaya shi ne, ina jinin ke tafiya? A ƙasarmu ɓarayin jini sanannu ne. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa ƙwayoyin jini. Akwai tsutsar ciki wadda ke shiga ta ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta maƙale a hanji tana tsotso. Akwai tsargiya, wadda masu noman rani da masunta da yara masu wanka a ruwan da ke kwance su kan ɗauka, kuma ku da ke kusa da madatsar Tiga kun san ta. Akwai haihuwa kusa kusa, da zubar jini mai yawa ga mata. In ba a kama ɓarawon ba, ko kwalba goma ka sha, kamar zuba ruwa ne a tulu mai huji.

Har wa yau akwai ƙarancin jinin da maganin ƙarin jini ba ya yi masa amfani. Mai ciwon sikila, watau amosanin jini, ba rashin sinadarin ƙarfe ne ke damunsa ba. In an sha ƙara masa jini a asibiti, ƙarfen ya kan ma yi masa yawa a jiki, ya taɓa hanta da zuciya. Kada a ba irin wannan yaro ƙwayar ƙarin jini sai likita ya auna ya ce a ba shi. Shi kuwa haɗin nan na lemon malt da madarar gwangwani da ake yaɗawa, daɗi ne kawai da sukari. Kuɗinsa ya fi amfani in an sayi hanta, ko kifi, ko wake.

Kada ka ɗauka muna cewa duk ƙarin sinadari banza ne. Akwai waɗanda aka gwada shekara da shekaru aka ga amfaninsu, ba su kuwa da yawa. Mace mai ciki tana bukatar ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum, ana ba da su wurin awo. Ke uwargida, in kin ga bayan gidanki ya yi baƙi saboda su, kada ki tsorata ki bari, haka suke yi. Kada dai ki haɗiye su da shayi, gama shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Ruwa ko lemon zaƙi ya fi. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ɗiga masa bitamin A sau ɗaya kowane wata shida, shuɗiyar ƙwaya ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya wuce. Yaro mai gudawa ana ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Ka lura, kowane ɗaya da mai shi, da ma'auninsa, da ranar dainawa.

Ma'aunin nan shi ne abin da masu talla ba su faɗa. Bitamin A ɗin da ke tsare idon yaro, in mace mai ƙaramin ciki ta sha shi da yawa, yana iya naƙasa ɗan da ke cikin. Ƙwayar ƙarin jini da ke taimakon uwa, in ɗan yaye ya sami ƙunshin ya haɗiye da yawa yana zaton alewa ce, tana iya kashe shi. Ko likitoci ma sun taɓa yin zato ya zama ba haka ba. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba wajen 29,000 gwaji, wasu aka ba su sinadarin nan da ke sa karas ja, ana zaton zai tsare su daga ciwon dajin huhu. Da aka bayyana sakamako a 1994, sai ga shi ciwon ya fi yawa cikin waɗanda suka sha. Karas ɗin kansa ba shi da laifi, tara sinadarin cikin ƙwaya ne ya kawo haka.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Da yawa daga cikin abin da ake talla da sunan bitamin ko haɗin gargajiya, akwai maganin asibiti mai ƙarfi ɓoye a ciki. Maganin ƙibar da 'yan mata ke sha, wanda wasu ke kira sha ka fashe, sau da yawa deksa ne. Kumatu su kan cika cikin 'yan makonni, a yi ta murna. Amma kumburi ne da kitse marar amfani, bayansa kuma sai hawan jini, da ciwon sukari, da gyambon ciki, da raunin ƙashi. In kuwa 'yarka ta daɗe tana sha, kada ka ƙwace a daina rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya tana iya sa ta faɗi. Ka kawo ta a rage mata sannu sannu. Haka kuma maganin ƙarfin maza, an sha kama irinsa a ƙasashe da dama da sinadarin Viagra a ciki, ba a rubuta ba. Mai ciwon zuciya da ke shan maganinsa, in ya haɗa da wannan, jininsa yana iya sauka nan take.

Wani zai ce, ai akwai lambar NAFDAC a jikin kwalin. Madalla, ka duba ta kullum, abin da ba shi da ita kada ka kai bakinka. Gwamnati ta kafa hukumar a 1993 domin wannan aiki. Amma ka san ma'anar lambar. Ga magungunan itatuwa akwai lamba mai harafin L a ƙarshe. Abin da take nufi shi ne an duba ba a sami guba ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba. Mayaudara kuma suna buga lambar ƙarya. Wani kuma zai ce, ai daga Amurka ya zo. To, bisa dokar Amurka ta 1994, mai yin irin waɗannan ƙwayoyi ba ya bukatar nuna wa hukuma cewa suna aiki kafin ya kai su kasuwa.

Waɗanda suka manyanta ba su manta da watan Agusta na 2014 ba, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare guda saƙo ya zaga wayoyi, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Ɗan'uwa ya tashi ɗan'uwa daga barci don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu wajen 20, gishiri kuwa ba ya maganin Ebola ko kaɗan. Wanda ya turo maka saƙo yana iya zama mai sonka ne ƙwarai, amma shi ma jiyau ne.

Saboda haka in maganar magani ta zo maka ta waya, ka tambayi kanka wane ne mai maganar, ina kuma yake aiki. Farar riga ana sayar da ita a kasuwa, yanzu kuma har da kwamfuta ana iya ɗora wa likitan gaske maganar da bai faɗa ba, da muryarsa da fuskarsa. Ka jira ƙarshen maganar. In ta ƙare da lambar waya da farashi, to, talla ka saurara. In an ce kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da sukari da rashin haihuwa, ka riƙe kuɗinka. In kuwa an ce ka ajiye maganin hawan jini ko na sukari da asibiti ta ba ka, wannan mutum da ranka yake wasa.

Mutum mai lafiya wanda ke samun abinci iri iri ba ya bukatar kwalba. Zogale, da rama, da alayyahu, da wake, da gyaɗa, da manja, da gwanda, da mangwaro in lokacinsa ya yi, duk suna kusa da kai. Gishirin leda akwai aidin a cikinsa, mai tsare maƙoƙo. Tun 2002 kuma doka ta sa a riƙa zuba bitamin A cikin sukari da fulawa da man girki na kamfani, alamarsa hoton ido a jikin buhu ko galan.

In ka riga ka saya, ko wani a gidanka yana sha, kada ka ji kunya. Ka zo ɗakin magani da kwalbar ko kwalin, ba ƙwayar tsirara a ƙulle cikin takarda ba, ka nuna wa malamin asibiti saƙon da ke cikin wayar, ka kuma gaya masa sauran magungunan da kake sha, har da na gargajiya. In abin ya fi ƙarfinsa zai ba ka takarda zuwa babban asibitin Rano a auna jininka. A jawabi na gaba za mu yi magana a kan tsargiya, da yadda ake gane ta ga yara.