Kwale-kwalen Katako: Abin da Sabon Shiga Yake Bukatar Sani Kafin Ya Saya

Mutumin Guci, ko na wani gari a gundumomin Magariya da Dungas, bai taso da jirgin ruwa a ƙofar gidansa ba, domin ruwan da ya sani shi ne na tafki da fadama, wanda ke cika da damina ya janye da rani, kuma masuncin irin wannan ruwa yakan wadatu da gora, wato babban duman da ake kifa ciki a kansa ana iyo. Amma cin rani yana kai mutanen kudancin Damagaram tafkin Cadi da kogin Kwara, inda wasu ke fara sha'awar mallakar kwale-kwale don su ko don fito, wato ƙetarar da mutane da kaya a kan kuɗi. Tambayar da irin wannan baƙo yake fara yi ita ce ta farashi, alhali wadda ta kamata ta riga ta ita ce wane irin ruwa jirgin zai yi aiki a cikinsa.

Ruwa ne yake yanke siffar jirgi a ko'ina. A Ingila, inda aka shiga haƙa magudanan sufuri gadan-gadan bayan buɗe ta Bridgewater a 1761, siririn jirgin da ke bin su faɗinsa bai wuce mita 2 da ɗan ɗoriya ba, ko da tsawonsa ya haura mita 20, saboda ƙofofin da ake ɗaga jirgi da saukar da shi a cikinsu ba sa karɓar abin da ya fi haka. Tafkin Cadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya cinye mafi yawansa, ba shi da zurfi kuma ciyawa ta yi masa yawa, don haka jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ne yake iya ratsa shi. Tafkin Kainji kuwa, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, yana da faɗin da iska ke tayar da igiyar ruwa a kansa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna ɓoye a ƙasa, shi ya sa jirgin wannan tafki yake bukatar gefe mai tsayi da katako mai kauri. Kogin Kwara da kansa yana da cika biyu, ta ruwan damina da kuma wadda ke isowa daga tsaunukan Gini cikin hunturu, kuma hanyar da babban jirgi ya bi a watan Janairu tana iya zama yashi a watan Mayu.

Kwale-kwale iri biyu ne. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda ake raraƙe gungume guda a fitar da shi, kuma ya yi ƙaranci saboda manyan itatuwan maɗaci da kawo sun ƙare a wurare da dama. Akwai kuma na katako, wanda kafinta ke haɗa falanki da falanki da ƙusa, ya toshe tsakaninsu da auduga ko tsumma, ya bi da kwalta. Na biyun shi ne ya cika kasuwa, kuma a kansa ake yawan cutar sabon shiga, musamman idan ya tafi sayen na hannu. Sabon fenti ba shaida ba ne, hasali ma abin tuhuma ne. Masu sanin sana'ar sukan sa a fito da jirgin kan tudu a kifa shi, su bi gindinsa suna ƙwanƙwasawa, domin ruɓaɓɓen katako ba ya amsawa da ƙara, su soka tsinin wuƙa a gindin ƙusoshi inda tsatsa ke fara cin itace, su duba bayan jirgin inda ake rataya inji, wanda girgiza ke sassauta shi kafin ko'ina. Daga nan sai a mayar da shi ruwa a ɗora masa nauyi ya kwana, da safe a ga yawan ruwan da ya sha. Wanda bai iya wannan ba, gara ya biya wani tsohon matuƙi ladan rakiya, kuma a yi cinikin da sanin Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan fito na wurin, saboda jirgin sata da jirgin da ake bin mai shi bashi duk suna shigowa kasuwa.

Kulawa ta fi saye cin kuɗi idan aka haɗa shekaru. Abin da yake ba baƙo mamaki shi ne rana ta fi ruwa ɓata kwale-kwale, domin katakon da aka bari a tudu cikin bazara yana bushewa ya tsuke, haɗin ya buɗe, ranar da aka mayar da shi ruwa sai ya yi ta yoyo. Saboda haka jirgin da zai daɗe ba aiki akan bar shi cikin ruwa ko a rufe shi a inuwa. Kwashe ruwa aikin kullum ne, sabunta kwalta kuwa na kowace shekara. Ko jiragen Ingila, da ake ƙerawa da ƙarfe, akan fito da su duk shekara 2 ko 3 a shafe gindinsu da baƙin fenti.

Inji yakan fi jirgin kansa tsada. Wanda ya fi yawa shi ne Yamaha mai shan fetur gauraye da baƙin mai, kuma rage baƙin man don tsimi shi ne hanya mafi sauri ta kashe shi. Yana sanyaya kansa da ruwan da yake zuƙowa daga kogi, ya fitar da shi ta wani ɗan tsirit ɗin rami, don haka idan wannan tsartuwa ta tsaya, alama ce kainuwa ko leda ko yashi ya toshe hanya, kuma wajibi ne a kashe shi nan take. Filafili da doguwar gorar tuƙi ba sa barin cikin jirgi ko da injin sabo ne.

Sauran lamarin na lodi ne. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya kife a Bagwai ta jihar Kano a watan Nuwambar 2021, inda yawancin mamatan yara ne ɗalibai, duka biyun an danganta su da ɗaukar fiye da ƙima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, sai dai mashigai sun fi jami'anta yawa nesa ba kusa ba. Ga mai jirgin da ba shi ne matuƙi ba, dabarar da ta fi amfani ita ce ya ja layi da fenti a gefen jirgin, inda ruwa ba zai wuce ba bayan an gama lodi, sannan ya biya matuƙinsa lada tsayayye maimakon kaso daga kuɗin fito, tunda kason ne yake sa a ƙara fasinja.