Gargaɗi ga Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama: A Daina Tone Tudun Kufai

Jama'a, rani ya shigo, masu ɗibar marmara da ƙasar gini sun fita, manoma kuma na faɗaɗa gonaki zuwa kan tudu. Duk wanda fartanyarsa ko digarsa ta ci karo da tulu a binne, ko ƙasusuwan mutum, ko duwatsun wuya, ko tarin katanga da kashin maƙera, to ya tsaya nan. Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai wa hakimi, shi kuma ya isar ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Gidan tarihin Kanta na Argungu ma ba nisa.

Wani tudun da kuke gani kushewa ce. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani ta Katsina, an tone irin waɗannan tuddai a 1907, aka sake a 1992. An tarar da manyan mutane a binne da zobban zinariya, da wuri, da hauren giwa, da tasar ƙarfe da ta fito tun daga Gabas ta Tsakiya. Da yake masana ne suka yi tonon 1992, a hankali, suna auna zurfin kowane abu da wurin da yake kwance, shi ya sa aka san kusheyin sun kai shekara 500 zuwa 700, aka kuma san da wa Katsinawa ke fatauci. Da 'yan dare ne suka riga su, da ba abin da za a samu sai rami.

Haka aka yi wa Bura a Nijar. Bayan tonon 1983 ya bayyana maƙabartar, masu neman kuɗi suka auka wa yankin, suka yashe shi. Gumakan yumɓu na ƙasar Sakkwato da Katsina ma a 2000 sun shiga jerin kayan tarihin Afirka da ake sacewa.

Saboda haka idan baƙo ya zo kasuwar Jega yana cigiyar "tsohon kaya", kada a nuna masa hanya. Abin da zai ba ka bai kai buhun albasa ba, shi kuwa dillali ne, can Turai za a ci ribar. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana tono ba izini, ta kuma hana cinikin kayan tarihi.

Malamai, a faɗa a masallatai ranar Juma'a. Masu tifa, ku canja wurin ɗiba.