Gwiwar Mai Keke a Hanyoyin Gona na Jega, Aliero da Maiyama

A Turai da Amurka akwai tseren keke da ake yi a cikin daji, a hau tudu a gangara kwazazzabo, kuma tun shekarar 1996 ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta wajabta hular kwano a wannan tsere, amma makarin gwiwa da na gwiwar hannu ta bar wa mahayi zaɓi, kuma da yawansu ba sa ɗaurawa saboda nauyi da zufa. A nan Kebbi babu mai kiran hawan keke a daji wasa. Sai dai manomin da ya ɗaure buhun albasa a bayan kekensa ya taso daga Fagada ko wani ƙauyen Maiyama zuwa kasuwar Jega, irin hanyar ɗan tseren yake bi: rairayi, tsakuwa, ramukan da ruwan damina ya zaizaye, da sawun amalanke. Kekensa kuwa ba ya da abin tare gargada, birkin ma sau da yawa ya cinye. Ni a ganina wannan manomi ya fi ɗan tseren buƙatar kare gwiwarsa.

Dalilin yana cikin yadda keke ke kayar da mutum. Idan tayar gaba ta nutse a rairayi sai kan keken ya murɗe, kayan da ke baya su rinjaye shi gefe guda, mahayin ya faɗi ta haƙarƙari. Abin da ke fara isa ƙasa shi ne gwiwa da gwiwar hannu, kuma a nan ne jiki ba shi da tsoka ko kitse, fata ce kawai a kan ƙashi. Tsakuwar da za ta kuje cinya ta tsaya a sama, a ƙoƙon gwiwa tana iya yankawa har kusa da gaɓa. Hanyar gona kuma hanyar shanu ce da jakuna, ƙasarta gauraye take da kashin dabbobi, inda ƙwayar cutar sarƙe haƙora take zama. Ciwon gwiwa ba ya saurin warkewa, domin duk lanƙwasawa tana sake buɗe bakinsa. Ka duba aikin mai albasa: dashe a durƙushe, ban ruwa a sunkuye, cira a tsugune, ga salla sau biyar. Raunin da aka raina ranar da aka faɗi yana iya zaunar da magidanci makonni a tsakiyar rani, lokacin da fadama ba ta jiran kowa.

Wani zai ce ai Aliero gidan ɗori ne, daga garuruwa masu nisa ake kawo masu karaya. Gaskiya ne, kuma sunan da masu ɗorin garin suka yi ba a banza suka same shi ba. Amma ɗori aikin ƙashi ne da ya karye ko ya goce. Buɗaɗɗen rauni da ƙasa ta shiga yana buƙatar wanki da ruwa mai tsabta da sabulu, da allurar rigakafi a asibiti, idan kuma ruɓa ta kai cikin gaɓa kara da tsumma ba za su fitar da ita ba. Haka nan bai kamata a zuzuta makari fiye da aikinsa ba. Ba ya hana karayar wuyan hannu ko ta kafaɗa ga wanda ya tokare ƙasa da tafi, ba ya kuma kare kai. Kare kai aikin hular kwano ne, ita ce kan gaba.

Sauran uzurin su ne zafi, kuɗi da tsoron dariyar mutane. Zafin Maris da Afrilu a wannan yanki yakan wuce digiri 40, amma ba a ce a ɗaura makari tun daga ƙofar gida har kasuwa ba. A wurin da hanya ta lalace ake buƙatarsa, in an hau kwalta a sassauta shi ya sauka ƙauri. Dariyar kuwa mun ga irinta a 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa masu babur hular kwano, wasu 'yan kabu-kabu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Shi ya sa ba doka nake nema ba, abin da mutum bai gamsu da shi ba zai nemo masa dabara. Batun kuɗi ma ba sai an jira kayan waje ba. Baduku ko tela a Jega zai iya haɗa soso mai kauri da fata ko roba mai tauri a waje, da maɗauri biyu, ɗaya sama da gwiwa ɗaya ƙasa da ita. Sharaɗin shi ne ya rufe ƙoƙon gwiwa gaba ɗaya, kada ya zame idan an murza shi da hannu, kada kuma ya matse jijiyoyin bayan gwiwa har ƙafa ta yi sanyi.