Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Wataƙila kana Sabha, can ƙasar Libiya, wajen neman abinci. Ran Juma'a ka kira gida. Inna ta tambaye ka yaushe za ka dawo, ka gaya mata. Kafin ku yi sallama ta sake tambayarka har sau uku. Daga baya ƙanwarka ta ce jiya Inna ta ɗora tukunya ta manta, shekaranjiya kuma ta fita unguwa ta kasa gane hanyar gida. Maƙwabta sun fara tsegumi. Wasu sun ce asiri ne, wasu sun ce aljanu, wata ma har ta ambaci maita.

Kwantar da hankalinka. Abin da ke damun Inna yana da suna, kuma akwai masu bincike a kansa, har da 'yan ƙasarmu.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke karɓar sabon abu ya adana shi. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana ciwon da yanzu ake kira da sunansa. A wannan ciwo wasu sinadarai biyu na jiki suna lalacewa, su taru su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Wancan sashe na adana sabon abu yana cikin waɗanda ke fara taɓuwa. Shi ya sa Inna za ta ba ka labarin aurenta tiryan-tiryan, amma ta manta ko ta ci abincin safe.

Darasi daga Ibadan

Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa hannu da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana a Amurka. Suka yi shekaru suna bin lafiyar tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama: Yarbawa a Ibadan, da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis. A 2001 suka ba da sakamako. Yawan masu kamuwa da ciwon mantuwa kowace shekara a Ibadan bai kai rabin na Amurka ba. Sun kuma lura cewa hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi yawa a tsofaffin Amurka. Ka ga ke nan ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba. Lafiyar jijiyoyin jini ma tana da hannu.

Daga Ingila zuwa Damaturu

Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan jihar Yobe ne. Ya yi karatu a Jami'ar Maiduguri, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila, inda ya yi bincike kan ɗaya daga cikin sinadaran nan biyu, wanda ake kira tau. Abin da ya dame shi shi ne, yawancin binciken wannan ciwo a kan Turawa ake yinsa, alhali gadon jini ya bambanta. Tare da abokan aikinsa na waje da gwamnatin Yobe, ya kafa cibiyar bincike mai suna BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Nan ake horar da matasa masu kimiyya, ana kuma nazarin ƙwayoyin jikin mutanenmu don a gane yadda ciwon ke kama mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za ka yi

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer. Amma ba kowace mantuwa ce shi ba. Ƙarancin wasu sinadaran abinci, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, da wasu magunguna duk suna kawo mantuwa, kuma ana iya magance su. Don haka:

1. A kawo Inna asibiti tare da wanda yake zaune da ita, da duk magungunan da take sha.
2. A riƙa auna mata jini da suga. Kai ma ka auna naka tun yanzu.
3. Idan ta ruɗe farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a kawo ta nan take.
4. Kada a yi mata tsawa ko gardama. Ta tambaya sau goma, a amsa sau goma.
5. Kada a ɗaure ta ko a kulle ta ita kaɗai. A kula da wuta da rijiya.
6. A riƙa hutar da mai jinya. Kuɗin da kake aikowa yana da amfani, kiran waya ma haka.

Wanda ya kira ta mayya, ka gaya masa ciwo ne, kamar yadda ido ke yin yana. Ta ɗauke ka lokacin da ba ka san sunanta ba. Yau in ta manta naka, kai kada ka manta nata. Allah ya ba da sauƙi.