Sabon Doki, Tsohon Linzami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in gargaɗi 'yan'uwana masu sana'ar hoto.

Na sayo sabon katin hoto daga Kano, na sa wa kwamfutata domin Photoshop ya ƙara sauri. Sai ya koma tafiyar hawainiya, ga masu biki sun biya, suna jiran hotunansu. Kwana uku ina zargin katin, ashe laifina ne. Na bar tsohon direba, wato manhajar da ke sarrafa katin farko. Da na goge shi, na sa na sabon, na ba katin izinin aiki cikin saitin Photoshop, nan take aiki ya miƙe.

Wanda duk ya sauya kati, ya duba nan tukuna. Wassalam.

Mai ɗaukar hoto,
Takur, Dutse.