Gyaran Hannun Ƙofar Ɗakin Ajiyar Amfanin Gona

Gabatarwa

Malam manomi, aikin gona ba ya ƙarewa ranar girbi. Dankalin Turawa, masara, acca da waken da ka sha wahalar nomawa za su yi makonni ko watanni a ɗakin ajiya kafin su je kasuwa ko su shiga tukunya. A duk tsawon wannan lokaci ƙofa ce ke tsakaninsu da ɓera, ɓarawo, danshi da ƙananan yara. Ita kuwa ƙofa hannunta ne ke fara lalacewa, domin shi ake taɓawa kullum. Da zarar ya fara rawa sai rufe ƙofa ya yi wuya, sai a koma tokare ta da dutse ko a ɗaure ta da waya, daga nan kuma asara ta sami hanya.

Wannan bayani an shirya shi ne domin manoma da malaman gona na ƙasar Jos, musamman masu ajiye amfanin gona da kayan noma a ɗakuna da shaguna cikin gari, irin waɗanda ke kewayen Tina Junction da Unguwar Rukuba a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Yawancin waɗannan ɗakuna domin zaman mutane ko ciniki aka gina su, saboda haka ƙofofinsu na bukatar kulawa ta musamman idan aka mai da su sito.

Dalilin da ya sa hannun ƙofa ke saurin sakewa a ƙasar Jos

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Bayan haka sai hunturu ya shigo da iska mai bushewa da ƙura. Katako yakan sha danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da rani. Duk lokacin da haka ta faru, ramin da sukuru ke zaune a ciki yana ɗan ƙara faɗi, har ya kai ga zaren sukurun bai kama komai ba.

Akwai kuma ƙarin dalilai uku. Na farko, ƙyauren da ya kumbura yakan cije a jikin firam, sai a riƙa fizgar hannun da ƙarfi kafin ya buɗu. Na biyu, takin zamani yana jawo danshi daga iska, kuma ƙurarsa tana sa ƙarfe tsatsa da wuri. Na uku, masu shiga da buhu a kai sukan tura ƙofa da ƙafa ko su danna hannun da gwiwar hannu, wasu ma har su rataya kaya a kansa.

Asarar da ke biyo baya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera yana iya kurɗawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, babba kuma ta kafa mai milimita 12. Ƙofar da harshen makullinta bai kama ba tana barin abin da ya fi haka. Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga cin hatsi da huda buhuna ba. Idan kana ajiye wake ko masara a buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007, huda ɗaya ta isa ta shigar da iska ta rayar da ƙwarin da aka nufi kashewa. Ban da haka, fitsari da kashin wani nau'in ɓera su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, ta kuma ɓarke a Jos a farkon 1970, kuma har yau an fi samun ta da rani, lokacin da amfanin gona ke cikin ɗaki.

Ga mai dankali akwai ƙarin hatsari. Dankalin ci yana bukatar duhu, domin haske yana sa fatarsa ta zama kore, ya yi ɗaci, ya kuma zama mai cutarwa idan an ci da yawa. Dankalin iri kuwa yana son haske marar zafi da iska mai ratsawa, domin ya fitar da gajeren tsiro mai ƙarfi, kamar yadda Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru ta yaɗa, kuma masu binciken dankali na tashar Kuru kusa da Jos suke koyar da manoma. Amma wannan haske da iska ta tagogi masu ragar waya ake so su shiga. Ƙofar da ke hangame tana shigar da ƙwaron da tsutsarsa ke huda dankali, tare da kaji da awaki.

Hatsari mafi girma shi ne na rai. Ɗakin da ake ajiye maganin ƙwari ko na ciyawa dole ne ya kasance a kulle, domin yaro ba ya bambance kwalbar magani da ta abin sha. Haka kuma hannun ciki da ya lalace yana iya rufe mutum a cikin irin wannan ɗaki ya rasa hanyar fita.

Sanin sassan hannun ƙofa

Kafin ka kwance komai, ya kamata ka san yadda abin ke aiki. Hannun ƙofa irin na dannawa yana da mariƙi biyu, na ciki da na waje, kowanne a kan farantin ƙarfe da aka ɗaure wa ƙyaure da sukuru. Wani sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda yawanci kaurinsa milimita 8 ne, shi ke haɗa su ta cikin akwatin makullin da aka binne a gefen ƙyaure. Idan ka danna mariƙi sai sandan ya juya, ya janye harshen makulli daga raminsa da ke jikin firam. Idan ka saki sai sifirin ya mayar da komai wurinsa. A wasu nau'o'in akwai ɗan ƙaramin sukuru marar kai a ƙarƙashin mariƙi, wanda ke riƙe shi a jikin sandan.

Gano inda matsalar take

Ka buɗe ƙofar, ka gwada hannun a hankali, sannan ka lura da waɗannan alamu:

1. Idan farantin gaba ɗaya yana motsi, sukurun da ke riƙe da shi sun sake, ko ramukansu sun cinye.
2. Idan farantin na nan daram amma mariƙin yana rawa ko yana zarewa, ƙaramin sukurun nan ne ya kwance ko ya faɗi.
3. Idan mariƙin ya langaɓe ba ya komawa sama, sifirin ya karye.
4. Idan mariƙin yana juyawa amma harshe ba ya janyewa, sandan ya siɗe, ko ya yi gajere, ko kuma wani abu ya karye a cikin akwatin makulli.
5. Idan komai na aiki ƙofa tana buɗe, amma harshe ba ya faɗawa raminsa idan an rufe, ƙyauren ne ya sauka, kuma a wajen hinji gyaran yake.

Yadda za ka gyara

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai baki daidai da kan sukurun, alanki ƙarami, gam na katako, guntayen busasshen itace, magagari da ɗan giris. A guji amfani da wuƙa a madadin sukundireba, domin tana cinye kan sukuru har ya ƙi fita.

Idan sukuru ne suka sake, ka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, har farantin ya kwanta sosai. Kada ka matse fiye da kima, domin hakan yana danne sandan ya sa mariƙi ya yi tauri. Idan sukuru yana juyawa ba ya kamawa, ka cire shi, ka shafa wa siraran guntayen itace gam, ka cusa su a ramin har ya cika, ka yanke abin da ya fito. Ka bar shi ya kwana ya bushe, sannan ka yi ƙaramar huda da siririyar ƙusa, ka mayar da sukurun. Kada a buga sukuru da guduma, kuma kada a maye gurbinsa da ƙusa, domin ba za a jima ba za ta zare.

Idan katakon ya yi laushi a wurin, mafi inganci shi ne a huda ƙyauren gaba ɗaya, a sa dogon noti mai washa wanda zai haɗa farantin waje da na ciki, a ɗaure shi daga ciki. Amma idan ka ga gara ta cinye wurin har sukundireba yana nutsewa, sai a kira kafinta ya canza katakon, domin babu sukurun da zai kama ruɓaɓɓen itace.

Idan ƙyaure ne ya sauka, ka fara da hinjin sama, domin shi ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Ka sa wani abu a ƙarƙashin ƙyauren ya ɗaga shi, ka ɗaure sukurun hinji, ko ka sa waɗanda suka fi tsawo. Idan saura kaɗan harshe ya shiga, sai a ɗan faɗaɗa ramin ƙarfen da ke jikin firam da magagari. Ƙyauren da ke cijewa da damina a kankare wurin da yake gugar firam kawai, kuma kaɗan, domin da rani zai tsuke, kuma abin da aka kankare fiye da kima shi zai zama hanyar ɓera. A shafa fenti a wurin da aka kankare, har da saman ƙyaure da ƙasansa, don rage shan danshi.

Idan gyara ya gagara: sayen sabo

Karyayyen sifirin da lalataccen akwatin makulli canji suke bukata. Ka cire tsohon gaba ɗaya ka tafi da shi kasuwa, ko wajen masu sayar da kayan gini na unguwa ko babbar kasuwar kayan gini da ke kan hanyar Bukur. Ka tabbata tazarar da ke tsakanin ramin sanda da ramin mabuɗi ta yi daidai da ta tsohon, haka ma tsawon akwatin da tsawon sandan, gwargwadon kaurin ƙyaurenka. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka danna mariƙin sau da yawa ka ga ko yana komawa da ƙarfi. Mai sheƙi marar nauyi yakan karye ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, ka fara sa akwatin makulli, ka duba cewa gefen harshe mai gangara yana fuskantar inda ƙofa ke rufuwa. Sai ka zura sandan, ka sa mariƙan biyu, ka gwada su kafin ka ɗaure sukuru. Kada ka rufe ƙofa kana ciki sai ka gwada hannun ciki da na waje da mabuɗi tana buɗe, kuma akwai wani a waje.

Ga sito mai yawan shige da fice, sau da yawa abin da ya fi dacewa shi ne mariƙi na ja kawai, tare da sakata da kwaɗo. Mai walda zai iya lanƙwasa rodi mai milimita 12 ya liƙa shi a ƙofar ƙarfe, ciki da waje, sannan a shafa fentin hana tsatsa. Kafin a fara walda a fitar da taki, magani, buhuna da man fetur, ko a cire ƙofar a kai ta waje. Maƙalin kwaɗo kuma a ɗaure shi da noti daga ciki, ta yadda ba za a iya kwance shi daga waje ba.

Kula da ƙofa a kowace shekara

A duba ƙofar sito aƙalla sau biyu a shekara: a watan Yuni kafin haƙar dankalin damina, da watan Oktoba kafin a shigo da masara. A ɗaure duk sukurun da ya sake, a sa giris kaɗan a hinji da sakata. Cikin ramin mabuɗi kuwa kada a ɗura mai, domin ƙurar hunturu takan manne masa ta daskare. A goga bakin fensir a jikin mabuɗi, a sa, a cire sau uku ko huɗu, ya wadatar. A lulluɓe ƙasan ƙyauren katako da falle na kwano mai tsayin santimita 30 don hana ɓera gwaguya. Bayan haka ka shiga da rana, wani ya rufe ƙofa, ka duba inda haske ke shigowa. Duk kafar da fensir zai iya shiga, a toshe ta.

Ga malaman gona

Idan kun ziyarci manomi don duba ajiya, ku fara daga ƙofa kafin ku buɗe buhu. Ku danna hannun, ku rufe, ku tura ku ga ko ta kama, ku tambayi wanda ke riƙe da mabuɗi. A sito na ƙungiya a naɗa mutum ɗaya da zai kula da ƙofa, a kuma ware wani abu daga kuɗin ajiya domin gyara. Ku nuna wa manoma yadda ake cike ramin sukuru a gaban idonsu, har da mata, domin su ne suka fi shiga ɗakin ajiya kullum, kuma su ke fara ganin hannun ƙofa ya sake. Ku kuma jaddada cewa ba a ajiye maganin ƙwari a ɗaki ɗaya da abinci, ba a kuma turara hatsi da ƙwayar magani a ɗakin da ke haɗe da wurin kwana.

Kammalawa

Malam manomi, ɗaure sukuru huɗu ba ya cin rabin sa'a, kuma kuɗin sabon hannun ƙofa bai kai na buhu ɗaya na dankalin iri ba. Kada ka jira sai mariƙi ya fita a hannunka. Ka duba ƙofar ɗakin ajiyarka tun kafin girbi, ka gyara abin da za ka iya, abin da ya fi ƙarfinka ka kira kafinta ko mai walda. Domin ƙarin bayani kan ajiyar amfanin gona, sai ka tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.