Abinci da Lafiyar Zuciya a Gaɓar Tafkin Kainji

Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sun yi ajalin mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019. Babbar ƙofarsu ita ce hawan jini, wanda cimar mutum da yadda yake wuni suke da hannu sosai a cikinsa.

Allah ya hore wa ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga irin abincin da zuciya ke so. Kogin Kwara da tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968 suna samar da karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa da ƙananan kifin nan warangi. Kifi ba shi da daskararren kitse kamar jan nama, wanda ke ƙara maiƙon da ke toshe jijiyoyi. Ga gero, dawa, wake, zogale, rama da albasar da aka san Yauri da ita. Tuwon dawa da miyar ganye da kifi cikakken abinci ne mai sauƙi ga zuciya.

Matsalar takan taso daga tukunya. Ma'aunin da Hukumar ta bayar shi ne kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma miya ɗaya takan haɗa gishiri, dunƙulen magi da kanwa, dukkansu kuwa akwai sinadarin sodiyam a ciki. Yawansa na sa jiki riƙe ruwa, jini ya hau, zuciya ta wahala. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa na iya ba miya ɗanɗano, a rage gishiri. Haka kuma farfesun kifi ko gasasshe ya fi wanda aka soya cikin man da aka yi ta maimaitawa. Sukarin shayi da lemon kwalba kuwa na jawo teɓa da ciwon suga, waɗanda ke ƙara wa zuciya nauyi.

Motsa jiki shi ne ɗaya rabin maganar. Basarken da ke tuƙa jirgi da manomin shinkafa a fadama suna samunsa a bakin aikinsu. Ɗan kasuwar Yelwa da ma'aikacin ofis da ke wuni zaune, su hau babur zuwa gida, suna bukatar aƙalla minti 150 na tafiya da sauri a mako. Taba sigari da shisha na lalata jijiyoyin jini, barinsu kuma na rage haɗarin ko da an daɗe ana sha.

Hawan jini yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko gazawar zuciya ko ƙoda. Don haka ya kamata kowane baligi ya riƙa zuwa awon jini a asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa. Wanda awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama yana bukatar ganin likita, idan kuma aka ɗora shi kan magani, ba a daina sha don an ji sauƙi.